SIWES

SIWES shiri ne na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke tura ɗaliban manyan makarantu zuwa masana'antu, kamfanoni da ma'aikatu na wasu watanni, domin su koyi aiki da hannunsu kafin su kammala karatu. Kalmar taƙaicen sunan shirin ce da Turanci, ma'anarta kuwa shirin samar wa ɗalibai gogewar aiki a masana'antu. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, shi ya ƙirƙiro shirin a shekarar 1973, kuma shi ke gudanar da shi tare da hukumomin da ke kula da jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. A bakin ɗalibai an fi kiransa IT, akan ce wane ya tafi IT.

Shirin wajibi ne ga masu karanta injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, aikin gona, zanen gine-gine da wasu darussan kimiyya da sana'a, kuma ba a yaye ɗalibin waɗannan fannoni sai ya yi shi ya ci. Makaranta ce ke ba da takardar gabatarwa da maki, gwamnati ce ke biyan alawus, amma a mafi yawan lokuta ɗalibi ne ke nema wa kansa wurin da zai yi horon. Saboda haka amfanin da ɗalibi ke samu ya fi rataya ne a kan irin wurin da ya samu da irin aikin da aka ba shi a can.

Asali da tarihi

Haɗa karatun aji da aikin masana'anta ya girmi SIWES. A shekarar 1906 Herman Schneider, malamin injiniyanci a Jami'ar Cincinnati da ke Amurka, ya fara wani tsari da ɗalibai ke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta. A Birtaniya ma an daɗe ana da darussan da ake tsakura shekara guda ta aiki a tsakiyar karatu. Jami'ar Waterloo ta Kanada, da aka kafa a 1957, ta yi suna da irin wannan tsari.

A Najeriya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ITF da doka ta 47 ta shekarar 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos. An kafa shi ne a lokacin da ƙasar ta fito daga yaƙin basasa, kuɗin mai ya fara shigowa, kuma gwamnati na ƙoƙarin maye gurbin ƙwararrun ƙasashen waje da 'yan ƙasa, musamman bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan Najeriya ta 1972. Masu masana'antu na kukan cewa waɗanda suka fito daga jami'a sun san littafi amma ba su taɓa riƙe injin da za su yi aiki da shi ba, sai an sake horar da su daga farko. Wannan koke ne ya haifar da SIWES a 1973, ɗalibai kuma suka fara fita horo a 1974.

Da farko ITF ne ke ɗaukar nauyin shirin shi kaɗai. Da makarantu da ɗalibai suka ƙaru, nauyin ya fi ƙarfinsa, sai ya janye a 1978. A 1979 gwamnatin tarayya ta miƙa shirin ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE. A watan Nuwamba na 1984 aka yanke shawarar mayar da shi hannun ITF, wanda ya karɓe shi a 1985, bisa sharaɗin cewa gwamnatin tarayya ce za ta riƙa ba da kuɗin. A kan wannan tsari ake har yanzu. Daga baya Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, NCCE, da aka kafa a 1989, ta shigo a matsayin mai sa ido ta uku.

Manufar shirin

Babbar manufar SIWES ita ce cike giɓin da ke tsakanin abin da ake koyarwa a aji da abin da ake yi a wurin aiki. Makarantu da yawa ba su da injuna da na'urorin da ake amfani da su a masana'antu, ko kuma waɗanda suke da su sun tsufa. Ɗalibin sadarwa zai iya cin jarrabawa a kan yadda saƙo ke tafiya a cikin wayar gilashi alhali bai taɓa ganin yadda ake haɗa ta ba. Horon na ba shi damar gani da taɓawa.

Akwai kuma abin da ba a koyarwa a aji ko kaɗan: zuwa aiki a kan lokaci, karɓar umarni daga na gaba, rubuta rahoto, kiyaye ƙa'idojin kariya daga haɗari, riƙe sirrin ma'aikata, da iya zama da abokan aiki da masu hulɗa. Shirin na kuma da nufin sada ɗalibi da waɗanda za su iya ɗaukarsa aiki nan gaba, tare da jawo masana'antu cikin harkar tarbiyyar ma'aikatan da za su gada.

Waɗanda shirin ya shafa da tsawonsa

A jami'o'i horon yakan ɗauki wata shida. Masu karatun shekara huɗu, kamar kimiyyar kwamfuta, sukan fita a aji uku, masu karatun shekara biyar kuma, kamar injiniyoyi, a aji huɗu. Wasu jami'o'in suna ware zangon karatu na biyu ɗungurungum domin horon, wasu kuma suna raba shi gida biyu a lokacin dogon hutu. A kwalejojin kimiyya da fasaha wata huɗu ne, bayan shekarar farko ta ƙaramar difloma. A kwalejojin ilimi ma wata huɗu ne, ga masu karanta darussan fasaha da sana'a.

Ana yawan rikita SIWES da wasu abubuwa da suka yi kama da shi. Shekara guda ta aiki da mai ƙaramar difloma ke yi kafin ya nemi babbar difloma daban take, duk da cewa ita ma IT ake kiranta. Haka nan koyon aikin koyarwa na ɗaliban malanta, da shekarar gwaji ta sababbin likitoci da masu haɗa magunguna, da hidimar ƙasa ta NYSC, kowanne na da dokarsa da hukumarsa. NYSC, wadda ita ma a 1973 aka kafa ta, ana yin ta ne bayan an gama karatu, SIWES kuwa a tsakiyar karatu.

Rawar kowane ɓangare

Gwamnatin tarayya ce ke ware kuɗin shirin a cikin kasafinta. ITF na tsara ƙa'idoji, yana wayar da kan ɗalibai kafin su fita, yana duba littattafan rahotonsu a ofisoshinsa na shiyya da ke jihohi, yana kuma biyan alawus. NUC, NBTE da NCCE su ke tantance darussan da suka cancanci shiga shirin da jerin sunayen da makarantu ke turowa.

Kowace makaranta na da ofishin SIWES. Ofishin na haɗa jerin sunayen ɗaliban da za su fita da jerin wuraren da suka samu, yana ba su takardar gabatarwa da littafin rahoto, yana kuma tura malamai su kai musu ziyara. Ma'aikatar da ta karɓi ɗalibi ita ce ke naɗa masa mai kula da shi daga cikin ma'aikatanta, ta tsara masa abin da zai koya, ta kuma ba shi kariyar da take ba ma'aikatanta. Shi kuwa ɗalibi, ana buƙatar ya bi dokokin wurin, ya riƙa zuwa kullum, kada kuma ya sauya wuri ba tare da sanin makaranta da ITF ba.

Neman gurbi a fannin kwamfuta da sadarwa

Ɗaliban kwamfuta na cikin waɗanda yawansu ya fi ƙaruwa a shirin. A sabon tsarin manhajar karatu da NUC ta ƙaddamar a 2022, an ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da rassa irin su injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar bayanai. Guraben horo kuwa ba su ƙaru daidai da yawan masu nema ba, kuma mafi yawansu sun taru ne a Legas da Abuja.

Wuraren da ake nema sun kasu kashi-kashi. Akwai kamfanonin sadarwa irin su MTN, Airtel da Glo, tare da ƙananan kamfanonin da ke yi musu aikin kafa turaku da kula da su. Akwai sassan kwamfuta na bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet. Akwai hukumomin gwamnati irin su NITDA, NCC, Galaxy Backbone da NIGCOMSAT a Abuja, da cibiyar Digital Bridge Institute mai rassa a Abuja, Legas da Kano. Akwai kamfanonin rubuta manhaja da cibiyoyin ƙirƙira, waɗanda unguwar Yaba a Legas ta yi suna da su, ko da yake yanzu ana samunsu a Kano, Kaduna da Jos. Akwai kuma cibiyoyin kwamfuta na jami'o'i, asibitoci, gidajen rediyo da talabijin da kamfanonin rarraba wutar lantarki. A ƙarshe akwai shagunan gyaran kwamfuta da wayoyi a kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja, Banex a Abuja, titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano.

Neman yakan fara ne da takardar gabatarwa daga ofishin SIWES, wadda ɗalibi ke haɗawa da takardar neman gurbi da taƙaitaccen bayanin kansa. Manyan kamfanoni sukan karɓi buƙata ta shafinsu na intanet ko ta imel, wasu ma har da jarrabawa ko ganawa. Hukumomin gwamnati da ƙananan kamfanoni kuwa galibi da hannu ake kai takarda, a karɓo kwafin da aka buga wa hatimi, sannan a riƙa bibiya. Tunda ɗaliban makarantu da yawa na fita a lokaci guda, guraben sukan cika da wuri. Shi ya sa ofisoshin SIWES ke jan hankalin ɗalibai su fara nema watanni kafin lokaci, su kuma kai takarda wurare da dama.

Sanayya na taka rawa sosai. Malaman sashe, tsofaffin ɗaliban da suka riga suka fara aiki, 'yan uwa da ɗaliban da suka dawo daga horo bara su ne mafi yawan hanyoyin da ake jin labarin gurbi. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su NACOS ta ɗaliban kwamfuta, da tarukan masu rubuta manhaja da ake yi a birane, su ma suna sada ɗalibai da ma'aikata. Wanda ba shi da kowa yakan dogara da shafuka irin su LinkedIn da Jobberman da sanarwar kamfanoni.

A fannin kwamfuta akwai wata dama da babu ita a fannoni da yawa, wato ɗalibi na iya nuna aikinsa tun kafin a ɗauke shi. Ƙaramin shafin intanet da ya gina, manhajar lissafin shago da ya rubuta, ko aikin da ya ajiye a GitHub, sukan fi jerin darussan da ya ci tasiri wajen mai ɗaukar aiki. Ga masu son ɓangaren haɗa kwamfutoci da sadarwa, darussan Cisco Networking Academy da ake koyarwa a makarantu da yawa na taimakawa. Taƙaitaccen bayanin ɗalibi bai cika wuce shafi ɗaya ba, kuma ƙarya a cikinsa kan tonu a ganawar farko.

Girman sunan wuri ba shi ne ma'aunin amfaninsa ba. A babbar ma'aikata ɗalibi na iya shafe wata shida yana ɗaukar fayil da buga takardu, saboda ba a yarda baƙo ya taɓa na'urorin da aikin kamfani ya dogara a kansu. A ƙaramin kamfani kuwa, inda hannu bai wadata ba, ana iya damƙa masa aiki na gaske tun makon farko. Abubuwan da ake dubawa su ne ko aikin wurin ya dace da karatun ɗalibi, ko akwai ƙwararren da zai koya masa, nisan wurin da kuɗin mota, da kuma ko makaranta ta amince da shi. Makarantu da dama ba sa karɓar shagon buga takardu da kwafi a matsayin wurin horon ɗalibin kimiyyar kwamfuta. Horo daga gida ta intanet ma, wanda ya yawaita bayan annobar korona ta 2020, sai da yardar makaranta, domin tsarin ziyarar malamai ya ginu ne a kan wurin aiki mai adireshi.

Ana kuma samun 'yan damfara da ke tallan guraben ƙarya su nemi kuɗin fom ko kuɗin rajista, ko su buƙaci bayanan asusun banki. Neman kuɗi kafin a ba da gurbi alama ce da ke buƙatar bincike. Akwai dai cibiyoyin koyarwa na gaskiya da ke karɓar kuɗin darasi daga ɗaliban IT, amma wannan ya fi kama da makaranta fiye da wurin aiki.

Takardu da tantancewa

Da zarar ɗalibi ya fara aiki, yakan cike fom ɗin kama aiki, mai kula da shi ya sa hannu, a kai ofishin ITF mafi kusa a cikin makonnin farko. Daga nan sai littafin rahoto, wanda ake kira logbuk. A ciki yake rubuta abin da ya yi kowace rana, da zane ko taswira inda ya dace, mai kula da shi kuma ya sa hannu duk mako. Malami daga makaranta kan kai ziyara ya duba littafin ya gana da ma'aikatar. A ƙarshe ana cike Fom 8, wanda ke ɗauke da bayanin ɗalibi da na ma'aikata da na makaranta, jami'in ITF kuma ya buga wa littafin hatimi.

Bayan dawowa, ɗalibi na rubuta cikakken rahoto, sannan ya tsaya gaban malaman sashensa ya kare shi. Makin ƙarshe ana haɗa shi ne daga littafin rahoto, shaidar ma'aikata, rahoton malamin da ya kai ziyara, rubutaccen rahoto da kuma kariyar. Tunda horon na ɗauke da nauyin maki mai yawa, yana iya ɗaga sakamakon ɗalibi ko ya ja shi ƙasa. A wajen kariyar ne akan gane wanda ya cike littafinsa a zama ɗaya, domin tambaya biyu ko uku a kan na'urar da ya ce ya yi aiki da ita sun isa.

Alawus

Alawus ɗin gwamnati ya daɗe a kan Naira 2,500 a wata, wato Naira 15,000 ga ɗalibin jami'a mai wata shida, da Naira 10,000 ga mai wata huɗu. Ana biya ne ta asusun banki bayan an tantance sunaye, kuma sau da yawa kuɗin kan zo ne bayan an daɗe da gama horon. Kuskure a suna ko lambar asusu na cikin abubuwan da ke hana wasu samu. Da tsadar rayuwa ta yanzu, kuɗin ba ya isa ko na mota.

Wasu ma'aikatu na ba da nasu alawus, wasu abinci ko mota, wasu kuma ba sa ba da komai. Wannan ne ke sa ɗalibai da yawa zaɓar garin iyayensu ko inda suke da ɗan uwan da zai sauke su, ko da wurin horon bai kai na wani garin ba.

Kwamfutar ɗalibi da garanti

Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ba ɗalibin horo kwamfuta, nasa laftof ake sa ran ya zo da shi. Idan ya lalace a tsakiyar horo, aiki ya tsaya, rahoton da ke ciki ma na iya salwanta. Don haka batun garanti da gyara ya shafi ɗaliban wannan fanni kai tsaye.

Garanti alkawari ne daga kamfanin da ya ƙera kaya cewa zai gyara ko ya musanya shi kyauta idan wani lahani na ƙira ya bayyana a cikin wani wa'adi. Sabon laftof yakan zo da garantin shekara guda, wasu samfuran da aka yi domin ofisoshi kuma har shekara uku. Kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo na da shafin da ake saka lambar siriyal ɗin da ke ƙarƙashin kwamfutar a ga ranar da garantin zai ƙare. Rasit ɗin saye shi ne hujjar ranar da wa'adin ya fara, shi ya sa ake adana shi.

Garanti na yau da kullum bai haɗa da faɗuwa, fashewar gilashi, zubewar ruwa ko shayi, sata, ko ƙonewa saboda hauhawar wutar lantarki ba. Wannan na ƙarshe na da muhimmanci a inda wuta ke yawan ɗaukewa da dawowa, ake kuma amfani da janareto. Raunin batir saboda tsufa da matsalolin manhaja, kamar shigar ƙwayar cutar kwamfuta, su ma ba sa ciki. Idan mai gyaran da kamfani bai amince da shi ba ya buɗe kwamfutar ya yi mata lahani, kamfani na iya ƙin karɓarta. Akwai kuma batun yanki: kwamfutar da aka saya a Amurka ko Dubai ba lallai ne cibiyar gyara ta Najeriya ta karɓe ta kyauta ba, sai idan samfurin na da garantin ƙasa da ƙasa.

Mafi yawan ɗalibai kuwa na hannu suke saya, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, ake kira tokumbo. Garantin kamfani a kan irin waɗannan galibi ya riga ya ƙare, abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago na 'yan kwanaki ko makonni, wanda ba shi da ƙarfi sai an rubuta shi a rasit. Duk da haka doka ba ta bar mai saye haka nan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya fito da lahani a cikin wata uku, a gyara masa, a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. A Tarayyar Turai irin wannan kariya ta doka shekara biyu ce a kan sabon kaya.

Gyara a ƙarƙashin garanti na iya ɗaukar makonni idan sai an yi odar kayan gyara daga waje, kuma cibiyoyin da kamfanoni suka amince da su sun fi yawa a manyan birane. Kamfanoni ba sa ɗaukar alhakin bayanan da ke cikin kwamfuta, ana ma iya goge komai ko a sauya rumbun ajiya yayin gyara. Saboda haka ake kwafe aiki zuwa filashi ko ma'ajiyar intanet kafin a miƙa ta. Idan akwai bayanan ma'aikata a ciki, sai an sanar da mai kula da ɗalibin kafin a kai ta kowane shago. Kwamfutar da ma'aikata ta ba da aro kuwa, sashen kwamfuta na ma'aikatar ne ke da alhakin gyaranta, ba ɗalibi ba.

Matsalolin shirin

Babbar matsala ita ce ƙarancin gurabe. An tsara shirin ne a zamanin da jami'o'in ƙasar ba su kai goma ba, masana'antu kuma na bunƙasa. Yanzu jami'o'i sun haura ɗari biyu, yayin da masaƙu da masana'antu da yawa a Kakuri ta Kaduna, da Bompai, Sharaɗa da Challawa a Kano, suka rufe ko suka rage aiki. Ɗalibi kan cinye wani ɓangare na watanninsa yana yawon neman wuri, ko ya karɓi wurin da bai da alaƙa da karatunsa domin kawai a sa masa hannu.

Akwai kuma raunin sa ido. Malamai ba su cika kai ziyara yadda aka tsara ba, saboda yawan ɗalibai, nisan wurare, ƙarancin kuɗin tafiya da matsalar tsaro a wasu hanyoyi. Inda babu mai dubawa, ɗalibi na iya zama ɗan aike, ko ya daina zuwa ya cike littafi da abin da bai yi ba. Yajin aikin malaman jami'a, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, yana rikita lokacin fita da dawowa. Ɗalibai mata na fuskantar ƙarin wahalar samun masauki amintacce a garin da ba nasu ba, abin da ke taƙaita musu zaɓi.

Wasu shirye-shirye makamanta

Ban da SIWES, ɗaliban kwamfuta na neman gogewa ta wasu hanyoyi da ba su dogara da makaranta ba. Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana haɗa masu koyo da ƙungiyoyin da ke gina manhajojin da kowa ke da damar gani da gyarawa, ana aiki daga gida kuma ana biya. Tun 2022 an buɗe shi ga duk sabon shiga mai shekara 18 zuwa sama, ko ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba. Outreachy shiri ne na wata uku, sau biyu a shekara, domin waɗanda ba su da wakilci sosai a harkar fasaha, kuma Gidauniyar Wikimedia na cikin ƙungiyoyin da suka karɓi masu horo ta hanyarsa. A duka biyun, gudunmawar da mai nema ya bayar ga aikin kafin zaɓe na da nauyi sosai.

A cikin gida akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fannonin fasahar zamani, da kuma horon da kamfanoni masu zaman kansu ke shiryawa ta intanet. Waɗannan ba sa maye gurbin SIWES a takardar sakamako sai makaranta ta amince, amma aikin da ɗalibi ya yi a cikinsu na iya zama abin da zai nuna lokacin neman gurbin SIWES ko neman aiki bayan kammala karatu.